BABI NA HUƊU: TUFKA DA WARWARA A ZUBIN FINA-FINAN JARUMAI MASU ƘARFIN AL'AJABI

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an yi bayanin yadda fina-finan ƙasashen waje suka shigo ƙasar Hausa, tun daga gidajen silima na shekarun 1960 inda fina-finan Indiya suka yi kaka-gida, zuwa gidajen kallon bidiyo na shekarun 1990, har zuwa fassarar Hausa da kamfanoni irin su Algaita na Kano suka shahara da ita, wadda ake tura wa matasa a waya a garuruwa irin su Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Malumfashi da Ƙafur. Wannan babi zai duba zubin wani rukuni na waɗannan fina-finai, wato waɗanda ake gina su a kan jarumi mai wani ƙarfi ko dabara da ta wuce ta ɗan'adam. Abin da za a bi sawu shi ne wuraren da labari ya tufka wani abu da kansa, sa'an nan ya dawo ya warware shi ba tare da dalili ba.

Fina-finan da aka zaɓa duk masu kyau ne, waɗanda suka karɓu, domin rigar da ta mutu ba a neman inda ɗinkinta ya kwance. Akwai masu ganin cewa matashin da ya wuni a gonar masara ko auduga, in ya zauna kallo da dare, faɗa da tsalle-tsalle kawai yake nema. Wannan zato bai yi wa mai kallo adalci ba, kamar yadda za a gani.

4.1 Al'ajabi Daban, Ɓaraka Daban

Bahaushe bai taɓa samun matsala da abin al'ajabi a cikin labari ba. Da tatsuniya ya tashi, inda Gizo ke magana da sarki, Dodo ya haɗiye gari, kuma mai ba da tatsuniyar da bakinsa yake amsawa a ƙarshe cewa ƙarya ya shara. A rubutaccen adabi ma haka abin yake, tun daga Ganɗoki na Bello Kagara (1934), wanda ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa duniyar aljanu. Saboda haka in an nuna wa mutumin Malumfashi jarumi yana tashi sama ba fiffike, ba a nan zai tsaya gardama ba.

Sai dai al'ajabin Bahaushe yana tafiya da ƙa'ida. A tunaninsa na gargajiya babu asirin da ba shi da sharaɗi, kuma babu wanda ba shi da makari. Ɗan tauri da ake cewa ƙarfe ba ya cin sa, akwai abubuwan da aka hana shi, in ya keta kuwa ya karya maganinsa da hannunsa. Haka ake faɗa game da layar zana da baduhu da sagau. Ba hurumin wannan nazari ba ne ya gaskata ko ya ƙaryata waɗannan abubuwa. Abin lura kawai shi ne, mai saurare ya saba da cewa duk ƙarfin da aka ba jarumi akwai iyakarsa, kuma daga wannan iyaka ne daɗin labari yake fitowa. A littafin Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, lokacin da aka warkar da Iliya daga gurguntaka aka ba shi ƙarfi, an haɗa masa da gargaɗin waɗanda ba zai tara da su ba. Ko a labarin Bayajida, sai da aka bi da shi ta wurin maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, kafin ya iso rijiyar Kusugu a Daura ya sare macijiya. Da wuƙar ta faɗo masa daga sama a bakin rijiya, da labarin ya yi rauni. A harshen manoma, abin da za a girba a ƙarshen labari dole ne a ga lokacin da aka shuka shi.

Daga nan za a iya bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Giɓi shi ne abin da fim ya tsallake bai nuna ba, amma mai kallo yana iya cike shi da hankalinsa ba tare da ya saɓa wa labarin ba. Ɓaraka kuwa ita ce inda fim ya karya dokar da shi da kansa ya kafa, ko ya tilasta wa tauraro mai wayo ya yi wauta don kawai labari ya isa inda marubuci yake so. Ita ce ke sa a ji 'yan kallo suna cewa an raina masu hankali. Wannan ma'auni bai tsaya ga fina-finan waje ba. Fina-finan bidiyo na Hausa, waɗanda suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, suna cike da bokaye da aljanu, kuma da shi za a auna su.

Akwai wani hanzari kuma. Mai fassara yana fama ne da daidaita Hausa da motsin bakin ɗan wasa, don haka yana iya taƙaita dogon bayani ko ya maye gurbinsa da barkwanci. Ɓarakar da ta samu ta wannan hanya ba laifin fim ba ce, shi ya sa aka dogara ga ainihin fina-finan a wannan babi.

4.2 Mr. India (1987): Fim Mai Riƙe Alkawari

Ya dace a fara da misalin da ya tsaya daidai. Shekhar Kapur ne ya ba da umarnin wannan fim, wanda ya fito a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Anil Kapoor ya fito a matsayin Arun, talaka mai riƙon marayu, wanda ya gaji wata na'ura daga mahaifinsa masanin kimiyya. In ya ɗaura ta a hannu ya kunna, sai ya ɓace. Layar zana ce dai ta zamani. Tun da wuri aka sanar da makarinta, wato jan haske ko jan gilashi, wanda ta cikinsa ake ganin mai ita. Daga cikin waɗanda Arun ya hukunta har da masu algus a kayan abinci, masu zuba tsakuwa a hatsi, laifin da duk mai zuwa kasuwar Ɗandume ba ya bukatar a yi masa fassararsa.

A ƙarshen fim, bos ɗin, wato Mogambo (Amrish Puri), ya kunna jajayen fitilu a maɓoyarsa, asiri ya karye, dole Arun ya tunkare shi a fili da ƙarfin damtsensa. An shuka, an girba. In akwai abin cewa, bai wuce cewa tufafin Arun suna ɓacewa tare da shi, amma abin da ya ɗauka a hannu ana ganin sa yana yawo a iska. Wannan ƙaramar tangarɗa ce, kuma da yake fim ɗin ya tsaya a kanta daga farko har ƙarshe, ita ma ta zama doka.

4.3 Superman (1978): Gudun da Ya Zo a Makare

A nan ne babbar ɓaraka take, kuma abin takaicin shi ne ta zo a fim ɗin da ya fi sauran kula da shimfiɗa. Richard Donner ya ɗauki lokaci mai tsawo yana gina jaruminsa, wanda Christopher Reeve ya fito a matsayinsa. An nuna makarinsa, wani koren dutse daga duniyarsu ta asali. An nuna cewa idonsa yana ratsa kome ban da darma. Mugun labarin, Lex Luthor, ya haɗa waɗannan biyu, ya ɓoye dutsen a akwatin darma, jarumi ya buɗe da hannunsa ya faɗa tarko. Har zuwa nan babu inda za a sa allura.

Luthor ya karkatar da makamai masu linzami guda biyu, ɗaya ya nufi Kalifoniya a yammacin Amurka, ɗaya ya nufi garin Hackensack a gabas. Dukkan ƙullin labarin ya rataya ne a kan cewa Sufaman ba zai iya tare biyun ba. Matar da ta cece shi daga dutsen ta sa ya yi alkawarin fara tare na gabas, domin mahaifiyarta a can take. Ya cika alkawari, na yamma ya faɗi, aka yi girgizar ƙasa, ƙasa ta tsage ta binne Lois Lane a cikin motarta, ta mutu. Wannan wuri yana da ƙarfi ƙwarai, domin ya nuna cewa riƙon alkawari yana da tsada, ko ga wanda ya fi kowa ƙarfi.

Daga nan sai fim ya warware abin da ya tufka. Sufaman ya tashi sama ya riƙa kewaya duniya da gudun da ido ba ya iya bi, har lokaci ya koma baya, Lois ta dawo da rai. Tambayar da ke biyo baya ba ta bukatar ilimin kimiyya. Wanda zai kewaye duniya sau da yawa kafin ƙiftawar ido, me ya hana shi tare makamai biyu a cikin ƙasa ɗaya? Misalinsa kamar mutumin da ya ce ba zai iya zuwa Bakori daga Funtuwa kafin azahar ba, jim kaɗan kuma a gan shi ya je Makka ya dawo ruwan shayi bai tafasa ba. Za a iya cewa baƙin ciki ne ya fito da ƙarfin da bai san yana da shi ba. To amma fim ɗin bai shuka wannan ba a ko'ina.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Bayan lokaci ya koma baya, Jimmy Olsen ya iso yana ƙorafin yadda aka bar shi a daji bayan an cece shi, wato dai girgizar ƙasar ta auku ke nan. In ta auku, me ya hana ramin ya sake haɗiye motar? In ba ta auku ba, wa ya tare makamin? Fim ɗin ya zaɓi abin da yake so daga cikin abin da ya wuce, ya zubar da saura.

Mafi muni duka shi ne batun sharaɗi. Mahaifin jarumi, Jor-El (Marlon Brando), ya hana shi tsoma hannu a tarihin 'yan'adam, har an sake jiyar da muryar wannan gargaɗi a daidai lokacin da zai keta shi. Ya keta, kuma babu abin da ya same shi har fim ya ƙare. A tatsuniya, yarinyar da aka ce kada ta buɗe ɗaki ta buɗe, sai ta ga sakamako. Illar wannan ga zubi a fili take: daga ranar da aka san jarumi yana iya mayar da lokaci baya kyauta, babu mutuwar da za ta ƙara tsorata mai kallo.

Tarihin shirya fim ɗin ya nuna inda matsalar ta samo asali. An fara ɗaukar kashi na ɗaya da na biyu a tare, kuma mayar da lokaci baya an tsara shi ne don ƙarshen kashi na biyu. Da aiki ya ja, kuɗi suka yi nauyi, aka tsayar da na biyu, sai aka ciro wannan ƙarshe aka liƙa wa na ɗaya. Hular wani aka sa wa wani, shi ya sa ba ta zauna ba.

4.4 Ɓoye Kama

Ba za a daɗe a nan ba. Tabarau da sauya tsagar gashi su ne kaɗai suka raba Clark Kent da Sufaman, amma abokan aikinsa 'yan jarida ba su gane ba. Mutanen da ke gane sarki ta tafiyarsa ko ya ja amawali, su gane maƙwabci ta tarinsa a cikin duhu, dole su yi dariya. Duk da haka wannan al'adar irin waɗannan labarai ce, an amince da ita tun kafin a zauna kallo, kuma Reeve ya taimaka da sauya murya da rankwafar da kafaɗa.

Na Krrish (2006), fim ɗin Rakesh Roshan, ya fi wuyar haɗiya. Krishna (Hrithik Roshan) ya ceci yara daga gobara a Singafo fuskarsa a rufe rabi, sa'an nan ya bar wa abokinsa Kristian sunan da ladan domin ya yi wa ƙanwarsa magani. Halin kirki ne, amma mutanen biyu ba su yi kama ba ko a jiki ko a fuska. Abin ya zama ɓaraka ne saboda Dokta Arya, wanda aka nuna ya mallaki kwamfuta mai hango gobe, kuma ya ga makashinsa a cikinta, shi ma ya ruɗu ya kashe Kristian.

4.5 Batman da Sarkin Wakanda

Ƙorafin da aka fi yi a kan The Dark Knight Rises (2012) na Christopher Nolan shi ne yadda Bruce Wayne ya dawo birnin Gotham. Bane ya karya masa baya, ya jefa shi a kurkukun rami a wata ƙasa mai nisa, dukiyarsa ta riga ta salwanta, birnin kuma an datse gadojinsa, soja na gadin wadda ta rage. Sai ga shi a tsakiyar gari. A ma'aunin wannan nazari, wannan giɓi ne. Fim ɗin farko na jerin, Batman Begins (2005), ya riga ya nuna shi yana yawon duniya shekara da shekaru ba kuɗi ba suna, ya kuma koyi shiga wuri ba a gan shi ba. Gyaran bayan ma, da wani fursuna ya yi masa da naushi da igiya, al'ummar da ta san maɗora ba za ta yi masa dogon musu ba, tun da an ba shi watanni yana jinya.

Ɓarakar gaske tana wajen 'yan sanda. An sa Kwamishina Gordon, wanda fina-finai uku suka nuna a matsayin mai hangen nesa, ya tura kusan dukkan 'yan sandan birni cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa a lokaci guda, Bane ya toshe su. Ko mai unguwa ba zai kwashe dukkan 'yan sintiri ya tura daji ya bar gari ba kowa ba. An ara masa wauta ne don birni ya zama ba mai tsaro. Fitowarsu bayan watanni da ƙarfinsu, kamar waɗanda suka kwana gida, ƙari ne kawai.

Black Panther (2018) na Ryan Coogler, wanda wani fagensa na farko-farko aka ce a dajin Sambisa yake, ya riƙe dokar gadon sarautarsa da kyau. Karawa ba ta ƙarewa sai ɗaya ya mutu ko ya sallama. T'Challa bai mutu ba, bai sallama ba, kuma da wannan hujja ya dawo. Rauninsa yana ga shirin Killmonger. Abin da yake bukata don shiga Wakanda shi ne gawar Klaue, tare da zoben mahaifinsa da shaidar da ke cikin leɓensa, kuma duk suna hannunsa tun farkon fim. Amma sai da ya taya Klaue sata a gidan tarihi na Landan, ya ƙwato shi daga hannun jami'an Amurka a Koriya ta Kudu, sa'an nan ya harbe shi. Za a iya kare shi da cewa yana so ne ya kunyata T'Challa a idon W'Kabi, sai dai ba shi da hanyar sanin cewa abubuwa za su faɗo haka. Zagayen ya amfani masu shirya fim, waɗanda suka samu tseren motoci a Busan, fiye da yadda ya amfani mai shirin.

4.6 Thanos da Lissafin Rumbu

A Avengers: Infinity War (2018), Thanos ya tara duwatsu shida masu iko da kome, ya hallaka rabin masu rai, bisa hujjar cewa abinci da albarkatu ba za su ishi kowa ba. Duk magidancin da ya taɓa auna rumbunsa da yawan bakunan gidansa kafin damina ya san wannan damuwa. Ya kuma san cewa in hatsi ya gaza, ƙara noma ake yi, a nemi taki, a shiga fadama da rani. Wanda aka ba ikon yin kome, ninka rumbun ya fi masa sauƙi. Lissafin ma bai fita ba: mutanen duniya sun kai biliyan 4 a 1974, suka kai biliyan 8 a 2022, wato cikin shekara 48 aikin nasa ya rushe. Duk da haka ba za a kira wannan ɓaraka kai tsaye ba. Mugu yana da damar ya yi mummunan tunani, kuma an nuna Thanos a matsayin wanda aƙida ta rufe wa ido. Aibin marubuta shi ne ba su sa ko ɗaya daga cikin masanan da suka cika fim ɗin ya jefa masa wannan tambaya ba.

Avengers: Endgame (2019) ya ɗauko tafiya cikin lokaci, kuma da alama ya koyi darasi daga kuskuren 1978. An tsayar da labari musamman aka sa Bruce Banner ya kafa doka: komawa baya ba ya sauya yau, sai dai ya tsiro da wani reshe na dabam. Fim ɗin ya bi wannan doka a wurare masu wuya. Nebula ta harbe Nebular shekarun baya, ba ta ɓace ba. Thanos na 2014 ya zo gaba ya mutu, amma ɓarnar da aka riga aka yi ba ta goge ba. Wanda Natasha ta mutu dominsa ya samu, ita kuwa ba ta dawo ba, abin da ya ba mutuwarta nauyin da ta Lois Lane ta rasa.

Sai a mintocin ƙarshe. Kyaftin Amurka ya koma baya don mayar da duwatsu, ya zaɓi ya zauna can ya auri Peggy Carter. Bisa dokar Banner, rayuwar nan a wani reshe ya yi ta, kuma in zai dawo sai ta na'urar da ya tafi. Abokansa na tsaye suna jiran sa a bakin na'ura bai fito ba, sai aka hango shi zaune a kan benci a gefe, tsoho tukuf, kamar wanda ya biyo doguwar hanya ya iso da ƙafarsa. Bayan fitowar fim ɗin a 2019, masu ba da umarni, Anthony da Joe Russo, sun bayyana cewa a wani reshe ya rayu sa'an nan ya tsallako. Marubutan labarin kuwa, Christopher Markus da Stephen McFeely, suka ce a'a, a wannan duniyar ya kasance tun fil azal, yana zaune a ɓoye. In maganar marubuta ce daidai, dokar Banner ta karye, kuma jarumin da aka sani da rashin haƙuri da zalunci ya naɗe hannu shekara saba'in yana kallon masifun da ya san za su zo, har da azabar da aka yi wa amininsa Bucky. In ta masu ba da umarni ce, to ba a nuna hanyar da ya bi ya iso bencin ba, alhali fim ɗin ya kwashe kusan awa uku yana koya wa mai kallo cewa ba a tsallaka reshe sai da na'ura.